Hukuncin Aikin Tiyata Ga Musulmi

 

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram har yanzu akwai waɗanda da zarar likita ya ambaci tiyata sai su naɗe tabarmarsu su koma gida, wai sun yi tawakkali. Alhali ga babban asibitin Gwamnatin Tarayya nan a Birnin Kudu, inda ake yin wannan aiki.

To, tiyata ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu da mai magani, wanda ya yanke masa jijiya, sa'an nan ya yi masa lalas. Haka kuma Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe wa fiɗa kashi na ƙarshe na littafinsa At-Tasrif, har da zanen kayan aikin, Turawa suka yi ƙarnuka suna karatu da shi.

Dalilan da kan kai mutum ga wuƙar likita ba ɗaya ba ne, hukuncinsu ma haka. Yanar ido da gwaiwa suna ba da sararin a yi shawara a tara kuɗi. Amma idan ƙaba ta shaƙe hanji, ko zazzaɓin taifot ya huda shi, to awoyi ake ƙirgawa. A irin wannan hali, inda ƙwararren likita ya tabbatar jinkiri zai kai ga halaka, malamai da yawa sun ce neman magani wajibi ne, domin rai amana ce.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne doguwar naƙuda. Mace takan kwana biyu a durƙushe, ana rubutu ana jiƙe-jiƙe, ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini. Kan ɗa kuwa yana nan ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu. Sau da yawa ɗan ya tafi, uwar ta tashi da yoyon fitsari, wani lokaci ma a sallame ta da saki. Sashen da Ƙungiyar Likitocin Duniya ta MSF ta buɗe a asibitin Jahun a 2008 domin gyaran irin waɗannan mata ya isa shaida. Shari'a ba ta ba miji ikon hana ceton ran matarsa ba, kuma idan babu likita mace, larura ta halatta namiji ya duba ta gwargwadon bukata.

Maganin barcin da ake bayarwa kafin aiki ba ya cikin hukuncin maye, ƙarin jini kuma ya halatta. Sallar da ta kuɓuce a lokacin, mafi tsantseni a rama ta bayan farfaɗowa. Wanda aka ɗaure masa rauni a gaɓar alwala sai ya yi shafa a kan ɗaurin; idan ruwa zai cuce shi ya yi taimama, ya yi salla a zaune, ko a kwance idan zaman ya gagara.