Shirin Magana A Gaban Taro

'Yan'uwa, akwai da yawa a cikinmu waɗanda in an ce su tashi su yi magana, ko a sujada ko a taron manoma a Goronyo, sai gwiwa ta yi sanyi, miyau ya ƙafe. Bari mu yi koyi da wani abu na maƙwabtanmu.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya ba da labari cikin littafinsa Infaƙul Maisuri yadda mahaifinsa Shehu Usmanu yakan fita wa'azi. Kafin ya fito sai ya ɗan tsaya shi kaɗai, ya gyara niyyarsa, ya roƙi Allah ya sa jama'a su gane. In ya iso, ya gai da su fuska a sake, ya nemi a yi shiru tukuna.

Mu fa? Sau da dama muna fara magana mutane suna ta surutu, gama tsoro yana sa mu gaggawa. Sai mu zaɓi batu ɗaya tun da dare, mu yi ta faɗinsa a ɗaki har ya zauna a baki. Kashegari in mun miƙe, mu dakata har tsohuwar da ke can baya ta ɗago kai, sa'an nan mu soma.