Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Tankin Motar Tsere: Yadda Ake Zaɓen Famfon Ɗauko Mai

A rijiyar Kusugu ta birnin Daura, inda labarin kaka da kakanni ya ce Bayajida ya kashe macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da guga da igiya Daurawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna jawo ruwa. Guga jefi-jefi yake fitowa, amma a cikin gida ba a shan ruwa jefi-jefi, domin akwai randa. Aikin mai ɗebo ruwa shi ne kada randa ta ƙafe, shi kuwa mai jin ƙishi ya kamfata da moɗa a duk lokacin da ya so. Wannan tsari na guga da randa shi ne injiniyoyi suka sanya a cikin motar tsere, don kada matsin man fetur ya riƙa hawa da sauka.

Dalilin damuwa da matsi

Motocin da aka sani a da suna aiki da kafireta, wadda take da ɗan kokonta na ajiye mai, kuma matsin da bai kai rabin ba ɗaya ba ya ishe ta. Ba ɗaya kuwa ma'auni ne da ya yi kusan daidai da matsin iskar da ke danne doron ƙasa. Injin zamani ba haka yake ba. Injekta ce ke fesa masa mai, da matsin kimanin ba 3, kuma na'urar da ke sarrafa ta tana buɗe ta na ɗan ƙayyadadden lokaci bisa zaton matsin yana nan yadda aka tsara. Idan matsin ya faɗi daga ba 3 zuwa ba 2, man da ke fita zai ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Iska ta yi wa mai yawa ke nan. A motar haya wannan tangarɗa ce ta ɗan lokaci. A motar da aka take wa totur har ƙasa, zafin ƙonewar yana iya ƙaruwa har ya narkar da kan fistin.

Famfo gwanin turi ne, rago ne wajen zuƙa

Abin da ake kira zuƙa, a haƙiƙa, rage matsi ne a cikin bututu, sai iskar waje ta danna ruwan ya hau. Galileo ya ambata a littafinsa na 1638 cewa famfon zuƙa yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, sannan ɗalibinsa Torricelli ya bayyana dalili a 1643 da gwajinsa na zaiba. Iskar duniya ba ta iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10, a aikace ma bakwai ko takwas ne. Shi ya sa masu noman rani a fadamun ƙasar Daura suke saukar da injin ban-ruwa kusa da ruwa idan rijiya ta ja baya.

Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka mai karatu zai yi zaton ya fi sauƙin zuƙa. Akasin haka ne. Wasu daga cikin sinadaran da ke cikinsa suna fara tafasa tun tsakanin digiri 30 da 40 na ma'aunin zafi, kuma rage matsi yana ƙara gaggauta tafasar. A zafin bazara irin na Daura, famfon da aka tilasta wa zuƙo fetur ta doguwar tiyo yakan cika da tururi da kumfa, ya yi ta kuka ba ya tura kome, kuma ya lalace da wuri, domin man da ke ratsa shi ne yake sanyaya shi.

Sai kuma matsalar tambal-tambal. Duk ɗan garuwa ya san ruwa ba ya zama wuri ɗaya idan ana sauri, shi ya sa wasu suke jefa ganye a kai. Motar da ta sha kwana da ƙarfin da ya yi daidai da nauyinta, fuskar man da ke tankinta tana karkacewa da digiri 45. In tankin ya yi ƙasa, man ya gudu gefe, bakin bututu ya shaƙi iska. Haka abin yake a hawan tudun yashi, irin wanda direbobin gasar Faris zuwa Dakar suka sha fama da shi tun karon farko a 1979, lokacin da suka ratsa Agadas da Yamai. Gasar ta bar Afirka bayan soke ta 2008, kuma tun 2020 a Saudiyya ake yin ta.

Maganin shi ne a raba aikin gida biyu. Famfon ɗauko mai, wanda ake dasawa a cikin babban tanki ko dab da gindinsa, yana tura mai zuwa wani siririn tanki mai tsayi, mai cin lita ɗaya zuwa uku, wanda za a iya kira tankin ko-ta-kwana. Daga gindin wannan ne babban famfon matsi yake ɗiba. Famfon ɗauko shi ne guga, ƙaramin tankin kuma randa. Ko da gugan ya fito wayam na ɗan lokaci, iskar da ya kawo za ta tashi sama ta koma babban tanki ta bututun ambaliya.

Lissafin zaɓe

Kuskuren da aka fi yi shi ne neman famfon da ya fi matsi. Yawan lita a awa shi ne abin dubawa, domin tankin ko-ta-kwana ba ya buƙatar matsi. Alal misali, injin fetur mai ƙarfin doki 300 yana shan kimanin lita 90 a awa idan an take shi sosai, wato lita ɗaya da rabi a minti. Tanki mai lita 2 zai riƙe shi na daƙiƙa 80 ba tare da an kawo ko ɗigo ba, alhali kwana ɗaya ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. Famfon da ke kawo lita 120 a awa ya isa ya ciyar da injin, ya kuma sake cika tankin kafin kwana ta gaba.

Amma fa da sharaɗi. Babban famfo yakan tura fiye da abin da inji ke sha, ragowar ta dawo. Idan an mayar da ragowar cikin tankin ko-ta-kwana, lissafin da ya gabata ya tsaya. Idan kuwa babban tanki aka mayar da ita, wajibi ne famfon ɗauko ya kawo duk abin da babban famfo ke kwashewa, wanda zai iya zama lita 255 a awa. Wanda ya manta da wannan zai ga randarsa ta ƙafe a miƙaƙƙiyar hanya. Wuce gona da iri ma ba riba ba ce, domin famfon da ya yi girma ainun yana cin wutar batir, yana kuma ɗumama man da yake ta juyawa. Matatar da ke gabansa ta zama mai manyan ƙofofi, kamar maikuron 100, don kada ta shaƙe shi. Mai laushi, ta maikuron 10, bayan babban famfo ake sa ta. Direbobin manyan motocin gas sun san famfon ɗauko sarai: shi ne suke bugawa da hannu idan mai ya ƙare inji ya sha iska.

Ɗalibin ilmin halittu bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Zuciya tana tura jini kimanin lita 5 a minti, amma ba ta iya tura abin da bai dawo mata ba, kamar yadda binciken Otto Frank na 1895 da na Ernest Starling bayansa suka nuna. Tsokar sha-raɓa, tare da 'yan ƙyauren da ke cikin jijiyoyin ƙafa masu hana jini komawa baya, ita ce famfon ɗauko na jiki. Ɗalibin da ya daɗe a tsaye ƙiƙam a filin taron safe, jininsa ya taru a ƙafa, matsi ya faɗi, ya yanke jiki, lafiyar zuciyarsa ƙalau. Abin da zai cika ta ne bai iso ba.

Malami zai iya nuna duk wannan da gorar roba mai faɗi, da siririyar tiyo, da ruwa. Fetur ba abin shigarwa aji ba ne. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin huɗu na gorar, a kwantar da ita, a sa wani ɗalibi ya riƙa zuƙa yayin da wani yake karkata ta hagu da dama, ajin kuma ya ƙidaya sau nawa tiyon ya shaƙi iska. Sannan a sake gwajin da siririn kofi mai tsayi wanda ɗalibi na uku yake ƙara wa ruwa da cokali, a kwatanta ƙidayar biyu a kan allo.