Zafin Bazara da Amfanin Lambu: Darasi Daga Gonar Tumatir

Gabatarwa

Kowace shekara, daga watan Janairu zuwa Maris, tumatir kan yi arha a kasuwannin Kano har a rasa mai saye. Amma da zarar bazara ta tsaya, sai kwando ya fara tsada, ya kuma ci gaba da hawa har tsakiyar damina. Manoman Kadawa da Kura, waɗanda ke shayar da lambunansu da ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, sun san wannan sauyi sarai. Abin tambaya shi ne, me ke faruwa a jikin shukar? Wannan darasi zai nuna cewa zafi yana cutar da tumatir a matakai uku: lokacin fure, lokacin nuna, da kuma bayan an tsinke shi.

Zafi da Fure

Furen tumatir shi ke yi wa kansa barbara, wato garin da ke cikinsa ya sauka a kan ɓangaren mace na furen, sannan ɗa ya ƙullu. Wannan gari ba ya jure zafi. Idan zafin rana ya haura kimanin digiri 32 na ma'aunin Salshiyas, dare kuma bai yi sanyi ba, garin yakan lalace, furen ya bushe ya zube. A watan Afrilu kuwa zafin Kano yakan kusanci digiri 40. Shi ya sa mai lambu zai ga shuka kore shar, ga taki ga ruwa, amma babu 'ya'ya. Ƙarin taki ba ya magance wannan matsala.

Zafi da Nunar 'Ya'ya

Jan launin tumatir yana samuwa ne daga wani sinadari da ake kira laikofin, wanda samuwarsa ke raguwa ƙwarai idan zafi ya wuce digiri 30. Don haka tumatirin bazara yakan nuna rawaya-rawaya. Har ila yau, mai karatu ya sha ganin tumatir mai baƙin tabo a ƙasansa. Wannan ba aikin ƙwaro ba ne. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ga ɗan ba, saboda ruwa ne ke ɗaukarsa daga ƙasa, idan kuwa ban-ruwa ya zama yau a cika gobe a bari, tafiyarsa takan katse. Maganin abin shi ne ban-ruwa a kan kari, da safe ko da yamma, da rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe danshi.

Zafi kuma yana hanzarta hayayyafar ƙwari. Misali shi ne tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, a 2016 kuma ta yi wa gonakin Kano da Kaduna da Jigawa mummunar ɓarna. Tana shiga cikin ganye ta ɓuya, inda feshi ba ya isa gare ta sosai. Ƙone ragowar tsohuwar shuka da sauya abin da ake nomawa suna rage ta.

Bayan Tsinka

Tumatir da aka tsinka yana nan da rai, yana numfashi, yana ƙone sukarin jikinsa. Masana sun tabbatar da cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan ninka saurin wannan numfashi kimanin sau biyu. Ke nan kwandon da aka bari a rana ya fi na inuwa saurin ruɓewa. Ya kamata a tsinka da sanyin safiya, a kai inuwa nan da nan, kada kuma a danna shi cikin dogon kwando inda na sama ke murƙushe na ƙasa.

Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa wata dabara da ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Akan sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yayin da ruwan ke tashi cikin iska, sai ya janye zafin ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iskar bazara, ƙarfinta kuma yakan ragu da damina.

Kammalawa

Mai ƙaramin lambu ba shi da ikon rage zafin rana, amma yana da ikon tsara lokacinsa. Ya yi dashen tumatir da wuri yadda zai yi fure cikin sanyin hunturu, idan bazara ta ƙarato kuma ya ba kuɓewa da alayyafo da rama fili, domin su zafi bai cika damunsu ba. Da haka lambu zai ci gaba da kawo kuɗin cefane har saukar ruwan sama.