MAKAƊI DA YARONSA

Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san amon kalangu. Ya ji shi a dandali da dare wurin wasan 'yan mata, ya ji shi ran kasuwa a rumfar mahauta, ya kuma ji shi a filin dambe. Amma ba kowane yaro ne ya taɓa tambayar kansa ba, shin wannan mutum mai ganga a hammata wa ya koya masa? Ba shi da allo, ba shi da littafi, ba a kuwa taɓa ganinsa cikin aji ba. Duk da haka yana da malami, sau da yawa ma ya daɗe a hannun malamin nan fiye da yadda ɗan makaranta ya kan daɗe a firamare.

Hanya biyu a ke bi a shiga sana'ar kiɗa, watau gado da haye. Ɗan gado shi ne wanda ya buɗe ido ya ga ganguna rataye a zauren ubansa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu cikin 1991, ɗan gado ne. Ubansa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, a wurinsa ya fara koyo tun yana ƙarami. Da uban ya rasu, bai ce shi ma ya isa ba, sai ya zauna ƙarƙashin wansa, Abdu Kurna, yana yi masa Daudun Kiɗi, watau mataimaki, kafin ya kafa nasa taron. Ɗan haye kuwa shi ne wanda sha'awa ta kawo shi. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu cikin 1999, bai gaji waƙa ba, ubansa ma bai so ya shige ta ba. Yaron da ya ke son kiɗa alhali ba a yi a gidansu, dole ya nemi maigida ya kwanta masa, ya zama yaronsa.

To, ran da yaro ya zo, ba a miƙa masa kalangu. Abin da a ke miƙa masa tsintsiya ce. Shi ne mai share zaure, shi ne mai ɗebo ruwa, da damina kuma ya bi maigida gona. In an gayyaci maigida biki a wani ƙauye, shi zai ɗauki kayan kiɗa a ka ya bi bayansa, in an isa ya tsuguna gefe ya yi tsaron takalma. A kan yi wata da watanni a haka. Wanda bai sani ba sai ya ce bauta kurum a ke sa yaron nan, ba a koya masa kome. Gaskiya ne akwai masu ci da gumin yara. Amma makaɗin kirki ya san abin da ya ke yi: kunnen yaron ya ke gyarawa. Kullum yaro na zaune kusa da kiɗa, yana ji da safe, yana ji da dare, har kiɗan ya zauna masa a ka kamar yadda harshen uwarsa ya zauna.

Dalilin da ya sa a ke fara wa da kunne yana cikin harshen Hausa kansa. Bahaushe ba ya magana da murya ɗaya a shimfiɗe. Kowace gaɓa ta kalma da nata matsayi, wata sama, wata ƙasa. In aka ce wuya, aka fara da sama aka sauko, wuyan jiki ke nan, inda a ke rataya laya. In aka fara da ƙasa aka hau, to, wuya ce ta wahala. Haka kuma kuka: in murya ta tsaya sama har ƙarshe, kukan hawaye ne, in kuwa ta sauko, itaciyar kuka ce wadda a ke miya da ganyenta.

Kalangu an yi shi ne don ya bi wannan hawa da sauka. An sassaƙa shi da itace, baki biyu masu faɗi, tsakiya siririya. An rufe bakunan da fata, sa'an nan an haɗa fatar wannan baki da ta wancan da tsarkiya masu yawa. Makaɗi ya kan rataya shi a kafaɗa ya sa shi a hammata, ya riƙa bugu da gula. In ya matse tsarkiya da damtsensa, sai fata ta ɗame, amo ya hau. In ya saki, ta yi sako-sako, amo ya sauko. Da haka ne kalangu ke kwaikwayon maganar mutum, har wanda ya saba ya ji kalmomi sarai a cikinsa.

Saboda haka darasin farko da baki a ke yinsa. Da la'asar, in babu baƙi, maigida ya kan ɗauki kalangu ya buga ɗan gajeren kiɗa, ya dubi yaro ya ce, "Kai yaro, me ya ce?"

Yaro ya ce, "Baba, ni dai kiɗa na ji."

Maigida ya ce, "To, ba ka ji ba tukuna. Koma ka zauna."

Ran da yaro ya iya faɗin abin da kalangu ya ce, ran nan ya shiga hanya. Daga nan sai a juya: maigida ya faɗi magana da baki, yaro ya maimaita ta da baki har ta zauna, kana ya nemo ta a jikin ganga. Abin da baki bai iya faɗi daidai ba, hannu ba zai iya bugawa ba.

Ko a nan ma ba babban kalangu a ke fara ba shi ba. Akwai ƙananan ganguna da ke rakiyar babba, kamar ɗan karɓi da kuntuku, waɗanda amonsu ɗaya ne, ba ya hawa ba ya sauka. Aikin mai riƙe da su shi ne ya tsare kari, ya yi ta maimaita bugu ɗaya ba gaggawa ba nawa, don maigida ya sami abin da zai taka ya yi ta zuba magana a kai. Wannan aiki yana da gundura, yara ba su cika sonsa ba. Amma a nan ne a ke gane wanda zai zama makaɗi. Yaron da ya ga an fara liƙi, hankalinsa ya koma kan kuɗi har hannunsa ya yi sauri, ya ɓata wa taro duka kiɗa. A cikin wannan lokaci kuma a ke koya masa jiƙa fata da rufa ganga da sauya tsarkiyar da ta tsinke, gama makaɗin da bai iya gyaran gangarsa ba, wata rana zai ji kunya a garin da bai san kowa ba.

Masu koyarwa ba halinsu ɗaya ba. Akwai mai zafi, wanda in yaro ya kuskure sai ya ƙwanƙwashe shi da gula a ka, ko ya yi masa tsawa a gaban jama'a. Yaransa su kan yi saurin haddacewa, amma tsoro ya kan sandarar da hannu, sai a ji kiɗansu daidai ne, amma ba daɗi. Akwai kuma mai sanyi, wanda in yaro ya kuskure ba ya cewa uffan. Sai ya sake buga wurin da nasa kalangu, sau biyu, sau uku, har yaro ya ji bambancin da kunnensa ya gyara. Wannan hanya ta fi cin lokaci, amma ita ta fi, don yaron da ya saba kama kuskurensa da kansa zai ci gaba da koyo bayan ya bar gidan maigida. Na uku shi ne marowaci. Ya kan koya wa yaro rabi ya ɓoye rabi, don gudun kada yaro ya fi shi ya janye masa iyayen gida. Irin wannan in ya mutu, da shi da abin da ya ɓoye a ke binnewa.

Abin da a ke ɓoyewa kuwa ba ƙarami ba ne. Take ke nan. Take shi ne kirarin da a ke yi wa mutum da ganga. Sarki da nasa, hakimi da nasa, mahauta da maƙera da manoma da 'yan dambe kowa da nasa, har waɗansu gidaje suna da taken da suka gada kaka da kakanni. Makaɗan fada, masu kotso da taushi da jauje, su ne suka fi kowa nauyin wannan haddar, don sai sun san sarakunan da suka gabata da yadda suka bi juna. In yaro ya ga basarake ya shigo ya buga masa taken wani, abin kunya ne babba ga maigidansa, har ya kan jawo a yi fushi da shi a fada. Ga shi kuma mafi yawan taken nan a ka su ke, ba a takarda ba.

Sauran kayan kiɗa kowane da tasa wahalar. Mai koyon algaita sai ya iya tara iska a kumatu, ya riƙa tura ta waje yana kuma shaƙar wata ta hanci a lokaci guda, don kada busa ta yanke. Mai koyon goge, wanda tsarkiyarsa ɗaya ce tak ta izgar doki, ba shi da wata alama a jikin gogen da za ta nuna masa inda zai ɗora yatsa, kunne ne kaɗai jagoransa. 'Yan mata kuma a wurin iyayensu mata su ke koyon shantu da kiɗan ƙwarya, a tsakar gida, ran biki ko suna.

Yaro ba ya biyan kuɗin koyo. Aikinsa shi ne ladan maigida. Maigida kuwa shi ne da ci da sha da tufafi, in an samu a wurin biki ya ba shi ɗan rabonsa, sau da yawa ma shi ya kan yi masa aure. In ya ga ya ƙware sai ya sallame shi da albarka.

A ƙasashen Turai ma akwai malaman kiɗa masu zaman kansu, amma tasu hanyar dabam ce. Can yaro yana gidan ubansa, sau ɗaya a mako ya kan je wurin malami, ya yi rabin sa'a ko sa'a guda, a biya kuɗi. Da ido su ke farawa, domin sun daɗe da gano hanyar rubuta kiɗa. Wajen shekara dubu da ta wuce wani malamin Kirista a Italiya, mai suna Gido, ya tsara rubuta amo a kan layuka. Yanzu layuka biyar a ke ja a kwance, a ɗiga alamu a kansu da tsakaninsu, alamar da ke sama amonta sama, ta ƙasa amonta ƙasa. Har jarrabawa su ke yi. Akwai wata hukuma a Landan da aka kafa cikin 1889, wadda ke jarraba masu koyo daga mataki na 1 zuwa na 8. Amfanin wannan hanya a fili ya ke: kiɗan da aka rubuta ba ya mutuwa da mai shi, marowaci kuma ba shi da inda zai ɓoye shi. Aibinta shi ne a kan sami yaron da in an ɗauke takarda daga gabansa sai hannunsa ya tsaya cik.

Wani malami a ƙasar Japan ya lura da wannan aibi. Sunansa Shinici Suzuki, an haife shi a birnin Nagoya cikin 1898, ubansa yana da masana'antar yin gogen Turawa mai tsarkiya huɗu. Da ya zama saurayi ya tafi Jamus koyon goge, ya sha wuya ƙwarai wajen koyon Jamusanci, alhali ga 'yan yara ƙanana suna zuba shi ba wahala. Daga baya ya yi tunani, ya ga ashe kowane yaro a duniya yana iya harshen uwarsa tun bai san baƙi ko ɗaya ba, don kawai yana jinsa kullum. Ya ce to, me zai hana a koyi kiɗa haka? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya zauna a garin Matsumoto, ya riƙa karɓar yara tun suna shekara uku, ana ba su 'yan ƙananan goge daidai hannunsu. Ya sa a riƙa kunna musu faifan kiɗa kullum a gida, uwa kuma ta zo ta zauna wurin darasi don ta taimaki ɗanta in sun koma. Karatun alamu sai daga baya, bayan kunne da hannu sun saba. Cikin 1964 ya kai waɗansu daga cikin yaransa Amurka suka yi wasa, mutane suka yi ta mamaki. Ya rasu cikin 1998, yau kuwa ana bin hanyarsa a ƙasashe da yawa. Da Sarkin Makaɗa na wani gari a ƙasar Hausa zai ji labarinsa, da ya ce ai haka ubansa ya koya masa.

A ƙasar Hausa abubuwa sun sauya. Tun wajen shekarun 1990, da finafinan Hausa suka yaɗu, samari da yawa suka koma ga fiyano mai aiki da lantarki, wadda ke kwaikwayon amon ganga da sarewa da goge duka. 'Ya'yan makaɗa da dama sun shiga makaranta sun kama wata sana'a, tsofaffi kuwa suna ta tafiya da takensu. Amma wanda ya leƙa ɗakunan da a ke ɗaukar waƙa a Kano zai ga abin da ya sani. Ga maigida zaune gaban fiyano da kwamfuta, ga wani yaro a gefe, mafi yawa ba takarda a gabansu. Ana aikensa sayen abinci, yana goge ƙura, yana saurare, yana jiran ran da maigida zai fita ya ce masa, "Zauna ka gwada kafin in dawo."