Ku Raba Jiragen Zubi da Kananzir

A cikin saƙonnin da masu tara ƙananan jiragen yaƙi na ƙarfen zubi ke aiko mini, babu tambayar da ta kai ta tsagewa yawa. Na baya-bayan nan daga Darki ya fito, ta ƙaramar hukumar Wudil. Wani matashi ne ya tsinci MiG-21 a cikin buhun kayan wasa na gwanjo, ya saya, ya ɗora a kan kabad. Damina ɗaya da ta wuce sai ya ga fiffiken dama ya fara tsattsagewa. Abokansa suka ce tsatsa ce, maganinta mai. Ya samu tsumma ya riƙa jiƙawa da kananzir yana gogewa. Yanzu fentin ya yi laushi har yana kama yatsa, murfin ɗakin matuƙi ya yi fari, tsagar kuwa tana nan, ta ma ƙara tsawo. Tambayarsa ita ce: wane mai ne ya fi kananzir ƙarfi?

Ƙanena, babu shi. Kada kananzir, kada fetur, kada baƙin mai, kada man keken ɗinki, kada tina, kada man goge tagulla. Na faɗi wannan har bakina ya gaji, amma duk damina sai an kawo mini jiragen da mai ya kashe, waɗanda da an ƙyale su da ƙurarsu da yanzu suna nan lafiya.

Na san inda maganar ta samo asali. Mun tashi muna ganin ana ɗiga wa sarƙar keke mai, ana shafa wa fartanya da ƙyauren ƙarfe baƙin mai kafin ruwa ya sauka, kuma hakan daidai ne, domin baƙin ƙarfe ne, tsatsa na cin sa. To amma wa ya ce jirgin nan baƙin ƙarfe ne? Ka ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ka kai shi jikin fiffike. Ba zai kama ba. In ya kama wani wuri, to kan sukurun da ke ƙarƙashin ciki ne, ko ɗan sandan da ya ratsa tayoyi. Gangar jikin kuwa wani haɗi ne da ake kira zamak, wanda kamfanin New Jersey Zinc na Amurka ya fito da shi a 1929: kusan dukkansa tutiya ce, sai alminiyum wajen kashi 4 cikin 100, da ɗan abin da ba a rasa ba na maganiziyum, wani lokaci da jan ƙarfe. Ana narka shi a zafin da bai kai digiri 400 ba, a tura shi cikin mazubi da ƙarfi, ya fito da siffar jirgi har da layukan jikinsa. Abin da babu baƙin ƙarfe a cikinsa ba ya tsatsa. Wanda yake shafa masa mai yana maganin cutar da ba ta wanzu ba.

Kuma ko da mai yana da wani amfani, ina zai kai ga ƙarfen? Tsakanin tsummanka da tutiyar akwai fenti, akwai tambarin da aka buga, akwai sitika, akwai gam. Su ne za su sha man. Fetur da tina ba sa ɓata lokaci. Murfin ɗakin matuƙi da kake gani garai-garai roba ce, ba gilashi ba. Ɗigo ɗaya na fetur ya isa ya ci fuskarta. Ka ɗaga jirgin da aka yi wa haka ka duba shi a hasken taga: inda a da kake hango kujerar matuƙi da ɗan allon agogunansa, yanzu sai wani farin hazo, a jikinsa ga zanen zaren tsumma ya kwanta, wani lokaci har da shatin babban yatsa, ya zauna ke nan har abada. Kananzir ya fi haɗari ta wata fuska, saboda a hankali yake ɓarnarsa, mutum bai ankara ba. Yana sa fenti ya yi laushi, yana shiga ƙarƙashin sitika ya ɗaga gefenta, yana kwance gam ɗin da ya riƙe makamai a ƙarƙashin fukafukai, tayoyin roba kuma su kumbura su yi danƙo. Man goge tagulla shi kuma kankara yake yi, ga yashi mai laushi a cikinsa, lambar jela yake fara cinyewa.

Sai wani ya ce, “Ai Malam, ni na shafa kuma ya yi ƙyalli.” Ƙwarai zai yi ƙyalli, na kwana biyu. Jirgin yaƙi dama ba a yi shi don ƙyalli ba, yawancin fentinsa dusashe ne, kuma masu zuba samfurin sun sha wahala kafin su kwaikwayi wannan dusashewar. Bayan kwana biyun man zai zama tarkon ƙura. Hunturu na shigowa ƙurar za ta manne, ta cika layukan jiki da bakin injin, ka sake ɗauko tsumma, ka goga ƙura a kan fentin da ya riga ya yi laushi. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Ina da ƙorafi a kan wasu masu sayarwa a nan. Sun gane cewa ƙyalli na jan ido, don haka suna lailaye kayan da mai kafin su baza a tabarma. Wasunsu rashin sani ne, wasu kuwa sun san mai yana ɓoye ƙananan tsagu na ɗan lokaci. Wannan ha'inci ne, ko a kan naira nawa aka yi shi. Kai mai saye, kafin ka taya, ka kai jirgin hancinka. In ka ji warin kananzir, ajiye masa abinsa.

To me ke kawo tsagewar? A taƙaice, tun daga tukunyar zubi ake haifar jirgi da ita. Zamak yana buƙatar tutiya mai tsarki ƙwarai, darmar da ke cikinsa kada ta kai kashi 1 cikin 10,000. In masu zubi suka yi sakaci, ko suka mayar da tarkacen ƙarfe cikin tukunya, darma ko kuza suka shiga, sai su taru a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen. Danshi na shiga sai wurin ya fara ruɓewa daga ciki, ƙarfen ya kumbura, ya tsage. Masu harkar na kiran wannan ciwon tutiya. Ya yi ƙaurin suna a tsofaffin jiragen Dinky Toys, waɗanda kamfanin Meccano na Libaful ya fara fitarwa a 1934, musamman na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, amma har a na zamani akan samu zubin da ya fita da shi. Danshin iska da ya haura kashi 65 cikin 100 yana hanzarta shi, shi ya sa a ƙasar Kano watan Agusta ne ke tona asirinsa.

Gane shi ba wuya. Tsagunsa ba layi ɗaya ba ne irin na faɗuwa ƙasa. Yaɗuwa suke yi suna haɗuwa kamar laka a fadama idan rani ya yi nisa. Fiffike yakan ɗan lanƙwashe, ƙafar sauka da a da take shiga raminta cif ta ƙi shiga, fenti ya yi ƙuraje a inda ƙarfen ya kumbura. In ya kai haka, babu magani. Ba ni da shi, masu gidajen adana kayan tarihi na Turai ma ba su da shi. Abin da ake iya yi shi ne rage masa gudu: a ajiye shi a busasshen wuri, a daina ɗauka ana juyawa, kada a kwance sukuru don a leƙa ciki. Ba ya yaɗuwa daga wannan jirgi zuwa wancan, don haka masu jefar da mai tsaga a bola wai kada ya harbi sauran su daina. Amma kada a ba yaro shi ya yi wasa, gutsattsarinsa na da kaifi kuma yara baki suke kai komai. In za ka sayar, ka nuna wa mai saye tsagar da yatsanka.

Shara kuwa, buroshin hoda na mata, sabo wanda bai taɓa hoda ba, shi ne kayan aiki. Ka kaɗe daga hanci zuwa jela, ka hura abin da ya maƙale. Busasshen tsumma a kan ƙurar hunturu karce murfin matuƙi yake yi, domin ƙurar nan yashi ce mai laushi. In datti ya kafe, ɗan tsinken auduga na goge kunne da ɗigon ruwa mai tsabta ya isa, ka bi shi nan take da busasshe. Ba a jiƙa jirgi a roba, ba a sa masa omo. Ka riƙe shi ta tsakiyar gangar jiki, ba ta fiffike ko jela ba, kuma ka tuna a lokacin sanyi hannun kowa da basilin ko man kaɗanya, sai a wanke kafin a taɓa. In makami ko tsinken hanci ya ɓalle, kada ka yi gaggawar ɗauko sufagulu: tururinsa yana bin roba mai haske ya mai da ita fara. Farin gam na kafintoci, ɗan kaɗan a bakin tsinken sakace, ya fi aminci, in ka yi kuskure ma yana ɓarewa.

Wurin ajiya ya fi duk wannan muhimmanci, kuma a nan mutanenmu suka fi sakaci. Kan talabijin, bakin taga, saman kabad dab da kwano a watan Afrilu lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, jingine da bangon da ke jiƙa da damina: duk wuraren nan kashe jirgi suke yi. Rana na cinye launi, tana mai da murfin matuƙi ruwan ɗorawa. A nemi kabad mai gilashi a bangon ciki, a zuba 'yan ƙullin ƙwayoyin tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su. Kwalin jirgin da robar da ya kwanta a ciki kada a yar, rabin darajarsa ke nan a wurin masu saye.

Akwai wata jita-jita da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta kananzir, wai nauyin jirgin alama ce an yi shi da ƙarfen jirgin gaske, ko akwai jar zaiba a cikinsa. Irin wannan ƙaryar ce ta sa mutane suka yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer a Saudiyya a 2009. Nauyin tutiya ne kawai. Jirgin gaske an fi yin sa da alminiyum don ya yi sauƙin tashi. In ka fasa naka ka kai wa 'yan gwangwan, abin da za su auna su ba ka ba zai sayi tayarsa ɗaya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu wanke fentin asali da tina da gangan, su shafa kore-fari-kore, su ce jirgin sojan Najeriya ne. Na ga F-16 da aka yi wa haka. Rundunar sojan saman Najeriya, tun kafa ta a 1964, ba ta taɓa mallakar F-16 ba. An ɓata samfuri mai kyau, an kuma koya wa yara ƙarya. Alhali tarihin gaske yana nan, kuma da yawansa a Kano ya faru. Jiragen DH.9A uku na sojan saman Ingila sun taso daga Masar suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Hurricane da Blenheim da ake harhaɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Masar. A watan Agusta 1967, yaƙin basasa na farawa, a filin jirgin Kano aka sauke MiG-17 daga Tarayyar Sobiyet. MiG-21 ya zo a tsakiyar shekarun 1970, Alpha Jet a farkon shekarun 1980, Jaguar a 1984. L-39 shi ne na koyon tuƙi a makarantar sojan sama ta Kano. A 2021 aka karɓi JF-17 guda uku daga Pakistan, kuma rukunin farko na Super Tucano guda shida a Kano ya fara sauka a watan Yuli na 2021 ɗin. Mai son tara jiragen da ƙasarsa ta yi aiki da su, ga jeri nan da zai ɗauke shi shekaru. In ya samu MiG-21 da fentin wata ƙasa, ya bar shi da fentinsa, ya rubuta ɗan kati ya ajiye a gabansa cewa Najeriya ma ta tuƙa irinsa.

Kafin ka biya kuɗi, ka tafi da ɗan tef na tela. Ma'aunin 1:72 da aka fi samu a kayan kamfanonin Corgi da Hobby Master yana nufin an raba tsawon jirgin gaske gida 72. Super Tucano ya ɗan haura mita 11, don haka samfurinsa zai tsaya wajen santimita 16, MiG-17 ma kusan haka, MiG-21 wajen santimita 20. C-130 mai kusan mita 30 zai haura santimita 40 a wannan ma'auni, a 1:200 kuwa wajen 15. In kwali ya ce abu kaza tef ya ce wani abu daban, kwalin ba nasa ba ne. Daga nan ka juya shi ka duba inda fiffike ya haɗu da gangar jiki, da ramin ƙafafun sauka, da kewayen sukuru, a cikin hasken rana ba na fitilar shago ba, domin a waɗannan wurare tsaga ke fara fitowa.