Yadda Ake Fitar da Tabon Baƙin Mai Daga Daɓen Siminti

Duk gidan da babur ko janareto ke kwana a Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya a rasa baƙin tabo a zaure ko tsakar gida. Haka abin yake a garejin kanikawa, da kuma gidajen hayar da suka yawaita tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, inda tabon kan jawo ka-ce-na-ce tsakanin mai gida da ɗan haya ranar tashi. Yawancin mutane da sun ga mai ya zube sai su ɗauko bokitin ruwa, nan kuwa ɓarnar take farawa. Ruwa ba ya narkar da mai, baza shi yake yi, tabon da bai wuce tafin hannu ba ya koma faɗin faifai.

Daɓen siminti cike yake da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, yana shan mai kamar yadda sabon tulu ke shan ruwa. Don haka aikin farko a bushe ake yin sa.

Idan man sabon zubewa ne, a ɗora tsumma a kai a danna, kada a goga. Sai a ɗebo toka mai sanyi daga murhu a rufe wurin da kauri, har ta ɗan wuce gefen tabon. In babu toka, dusar katako daga wurin kafinta ko busasshen rairayi mai laushi za su yi. A tattaka da takalmi don ta shiga ƙofofin, a bar ta ta kwana. Da safe a share, in tokar ta yi baƙi ƙirin a sake zuba wata.

A ganina toka ta fi sauran, domin aiki biyu take yi. Tana tsotse man, sannan tana ɗauke da sinadarin nan mai kaifi da ke sa ruwan toka yanke maiƙo, wanda iyayenmu mata suka daɗe suna dafa sabulun salo da shi. Tokar karan dawa da ta gero ba ta yankewa a wannan yanki, kuma ba kwabonka.

Bayan an share ne ruwa zai shigo, shi ma kaɗan. A tafasa shi, a dama garin omo ya yi kauri kamar kunu, a shafe tabon. A ba shi minti 20 zuwa 30, kada a bari ya bushe. Gara a yi da sassafe ko da la'asar, don zafin rana kan busar da shi tun bai ci ba. Sai a dirje da buroshi mai tauri daga gefe zuwa tsakiya, a tsane kumfar da tsumma, sannan a ɗauraye.

Tsohon tabo, irin na inda ake yi wa babur juye shekara da shekaru, ba ya jin wannan wankin. Shi sai an kwaɓa toka da ɗan kananzir, a lafta a kai kaurin yatsa, a rufe da leda, a danne gefenta da duwatsu. Kananzir zai bi man ciki ya narkar da shi, toka ta jawo shi sama. Bayan kwana ɗaya a yaye ledar, a bar kwaɓin ya bushe, a kankare, a bi da omo da ruwan zafi. Wani tabon sai an maimaita sau biyu ko uku, kuma wanda ya nutse sosai kan bar ɗan duhu da rana ce kawai za ta koɗar da shi a hankali. A yi wannan aikin inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da janareton da ke kunne.

Kada a kuskura a wanke da fetur. Tururinsa ƙasa-ƙasa yake bi, garwashi ɗaya a madafi ya isa ya tayar da gobara. Ruwan batir kuma simintin yake ci, ya bar man yana nan. Masu sa soda irin ta haɗa sabulu su sa safar hannu ta roba, su kare idanu, su nisanta yara, domin tana ƙona fata.

Tokar da ta sha mai ba taki ba ce. A ƙulle ta a leda, kada a watsa a gona ko a turken dabbobi. Ruwan wankin ma kada a sake shi kusa da rijiya. Abin da aka tura kwata da rani, damina ce za ta kwashe shi zuwa rafi, a yankin da jama'a ke dogaro da ruwan Dam ɗin Zobe wajen sha da noman rani da kamun kifi.

In an gama, a duba inda man ke ɗiga. Sau da yawa kusar juye ce ta saki ko gasket ya mutu. A kai wa bakanike ya gyara, kafin nan kuma a riƙa ajiye tsohon faranti mai ɗan yashi a ƙarƙashin injin kowane dare.