Darasi: Uwa Mai Rage Ƙiba da Yaran da ke Kallonta

  

Wannan darasi naki ne, ya ke uwa, ke da likita ya ce ki rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa, ko kuwa ke da kanki kika ji jiki ya yi miki nauyi. Neman lafiya abin yabo ne, domin jiki amana ne. To amma ki sani ba ke kaɗai ce a tsakar gidan ba. Akwai ƙananan idanu da ke bin hannunki daga kwano zuwa baki, kuma abin da suka gani shi za su ɗauka, ko kin karantar ko ba ki karantar ba.

Mu fara da harshe, don nan ne ɓarnar ta fi yawa. Uwa ta tsaya gaban madubi tana cewa, "Kai, dubi yadda na zama kamar buhu," 'yarta mai shekara tara tana gefe tana ɗaura ɗankwali. Yarinyar ta koyi darasi nan take: cewa jiki abin kunya ne, kuma darajar mace a sikeli take. Haka nan mai cewa, "Wannan tuwon shi ne maƙiyina." Subhanallah! Tuwon da mahaifinsu ya sha rana kafin ya samo hatsinsa? Abu Huraira ya ba da labari, a Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa kushe abinci ba. Wanda yake so ya ci, wanda ba ya so ya bari. Wannan ladabi ya ishi mai rage ƙiba. Ki ɗebi kaɗan, ki yi bismilla, ki ci, ki yi hamdala. In yaro ya tambaya me ya sa Umma ba ta ƙara ba, amsar gajera ce: "Na ƙoshi, alhamdu lillahi."

Kada kuma a kira yaro da sunan jikinsa, ko da wasa. "Lukuti", "Tumbi", "Tsinke": babba ya faɗa ya manta, yaro ya riƙe har ya yi gemu.

Sai maganar tukunya. Da yawa in sun fara rage ƙiba sai su ware kwanonsu: ita ganye da ruwan zafi, yara kuwa taliyar leda da lemon kwalba. Ina ganin wannan kuskure ne ta fuska biyu. Na farko, ba ya ɗorewa, sati biyu ta gaji. Na biyu, yaro ya fahimci cewa zogale horo ne da ake yi wa mai laifi, daɗi kuwa yana cikin leda. Abin da ya fi shi ne a gyara tukunyar gidan baki ɗaya. A rage man da ake malalawa a miya, a rage gishiri da dunƙule, a yawaita wake da kwaɗon zogale da rama da miyar kuka da kuɓewa, a koma ga gero da dawa da acca. Kowa ya ci abu ɗaya. Bambancin kawai, ke malmalarki ƙarama ce, miyarki da ganyenki sun fi yawa. Su yara girma suke yi, ba a rage musu abinci don uwa tana ragewa, sai in ma'aikacin lafiya ne ya duba yaron ya faɗi yadda za a yi.

Ga lissafi kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in ma ya gaza kashi 5 ya fi, wato wajen ƙaramin cokali 6 ga babba. Robar lemo mai zaƙi ta rabin lita tana ɗauke da kusan cokali 12 ko fiye. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Ashe ke nan uwar da ta daina sayen lemon nan ta yi wa kanta magani, ta kuma tsare haƙoran 'ya'yanta.

Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya kasa ciki kashi uku: na abinci, na abin sha, na numfashi. Yaro ba zai san wannan ma'auni ba muddin ana tsare shi da bulala sai ya sharce kwano, ko ana yi masa alkawarin alewa in ya cinye miya. Ki zuba masa kaɗan, in ya nemi ƙari ki ƙara. In ya ƙi sabon abu yau, ki sake kawowa jibi ba tare da faɗa ba. Yaro kan ga abinci sau goma ko fiye kafin ya saba da shi.

Mai shayarwa, ki saurara da kyau. Jariri nono zalla yake buƙata wata 6 na farko, kuma jikinki yana neman ƙarin kimanin kalori 500 a kullum don yin nonon. Wannan ba lokacin zama da yunwa ba ne. Dubi sauƙin shari'a: a Risala ta Ibnu Abi Zaid, mai shayarwar da ta ji wa ɗanta tsoro, ba ta kuma sami wadda za ta shayar da shi ba, an yarje mata ta sha azumin Ramadan, ta rama, ta ciyar. In farilla ta yi sassauci saboda jariri, ina ga kwalliya?

Af, tun da an ambaci azumi: mai yin Litinin da Alhamis ta duba niyyarta. In don Allah ne, raguwar jiki riba ce ta biyo baya. Kada dai yara su ji kina kiran ibada da sunan maganin tumbi.

Game da shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya da kasuwa, da yawansu filasko ne a ciki ko makamancinsa. Gudawa yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse na nan. Ƙanwarsa ita ce ƙwayar "sha ka fashe" da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki. Yarinyar da ta ga uwa tana gyara jiki da kwalba, ita ma kwalba za ta nema in ta tasa. Ragewar da masana lafiya suka yarda da ita a hankali take, rabin kilo zuwa kilo 1 a mako, da abinci da motsa jiki. In Islamiyya ba ta da nisa, ki raka yaran da ƙafa ki dawo da ƙafa, sikeli kuma ki bar shi a asibiti, ranar da za a auna miki jini sai a auna ki.